IN MUTUM YA FAƊA RUWA, WA ZAI SANI?

Duk wanda ya ji an ambaci Daura da ruwa a magana ɗaya, abin da zai fara zo masa a rai shi ne rijiyar Kusugu, da macijiyar da ta hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Jumma'a, da baƙon nan Bayajidda wanda ya kashe ta. Ƙasarmu ƙasar rijiya ce da guga, teku kuwa sai dai mu ji labarinsa. Saboda haka watakila mai karatu zai ce, ina ruwan Badauri da zancen jiragen ruwa da na'urorinsu? Ashe, ba gara a yi mana bayanin taki da irin gero ba?

Amsar tana nan kusa da gida. A watan Mayu na shekara ta 2022, cikin kwanakin ƙaramar Sallah, wani kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'Adua, cikin masarautar Daura. Mutum fiye da goma suka rasu, yawancinsu kuwa yara ne. Watanni kaɗan kafin wannan, ran 30 ga Nuwamba 2021, wani jirgi ya nutse a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aka yi hasarar rayuka aƙalla 29, mafi yawansu 'yan makarantar Islamiyya. Ran 26 ga Mayu na shekarar nan ta 2021 kuma, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ya nufi Warrah ta Jihar Kebbi ya tsage a tsakiyar kogin Kwara da mutane fiye da 150 a ciki, waɗanda aka ceto da rai ba su kai 30 ba.

Tun da aka gina madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam, ruwa mai zurfi ya zo har ƙofar gidanmu. Samarinmu suna su, ana fito da mutane da kaya zuwa kasuwa da gona, yara kuma suna ganin kwale-kwale tamkar abin wasa a ranakun biki. Ga kuma 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai su Yawuri, da Kainji, da Baga, da Ikko. Domin wannan ne ya kamata mu san dabarun da matuƙan teku suka ƙago domin su gane nan da nan in wani ya faɗa ruwa, mu kuma auna mu ga abin da za mu iya ɗauka daga ciki.

Ruwa Ba Ya Shela

Da yawa daga cikinmu muna tsammani mai nutsewa zai yi kururuwa, ya ɗaga hannu yana neman taimako. Ba haka abin yake ba. Wanda ruwa ya kama, bakinsa yana nutsewa yana fitowa, ɗan lokacin da ya samu a sama kuwa na shaƙar iska ne, ba ya isa a yi kira. Masana harkar ceto sun lura cewa wanda bai iya iyo ba yakan yi ta fama a bisa ruwa na daƙiƙa 20 zuwa 60 kaɗai kafin ya nutse. In kuma numfashi ya yanke, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida.

Sa'an nan ga tafiyar jirgin. Bari mu yi ɗan lissafi. In kwale-kwale mai inji yana gudun kilomita 12 a awa ɗaya, a kowane minti yana cin mita 200 ke nan. In aka yi minti biyar ba a lura an rasa mutum ba, an riga an bar shi a baya da kilomita guda. Kan mutum a cikin ruwa bai fi girman ƙwarya ba. Ko da rana tsaka, in akwai raƙuman ruwa, da wuya a hango shi daga nesa, balle da dare, ga ƙarar inji ta cika kunne.

Kada kuma a ce sai baƙon ruwa ne abin yakan samu. A ƙasar Faransa an yi wani shahararren matuƙi mai suna Eric Tabarly, wanda ya ci gasar ƙetare tekun Atlantika shi kaɗai har sau biyu, a 1964 da 1976. A daren 12 ga Yuni 1998, yana da shekara 66, suna tafe a teku kusa da gaɓar ƙasar Wales, sai iska ta tashi. Yana cikin rage zanen da ke kama iska, sai wani itacen jirgin ya buge shi ya faɗa ruwa. Ba ya sanye da rigar ceto, ba a kuma ɗaure yake da jirgin ba. Abokan tafiyarsa sun jefa masa abin kamawa, amma duhu ya raba su da shi. Sai bayan makonni masunta suka tsamo gawarsa. In ruwa ya ci irin wannan gwani, wane ne zai bugi ƙirji?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2021 mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, fiye da kashi 90 cikin 100 kuma a ƙasashe matalauta da masu tasowa ne. Shi ya sa a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan nutsewa.

Ƙararrawar Matuƙan Teku

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suke doguwar tafiya a teku cikin ƙananan jirage masu tafiya da iska, sau da yawa miji da mata ne kaɗai, ko abokai uku ko huɗu. Da dare ɗaya yakan yi tsaro a sama, sauran suna barci a ƙasa, wata na'ura kuma tana riƙe da akalar jirgin da kanta. To, in mai tsaron ya zame ya faɗa, jirgin zai ci gaba da tafiyarsa, masu barci ba za su sani ba sai sun farka, watakila bayan awa uku. Wannan tsoro ne ya haifi na'urorin da za mu bayyana. Iri huɗu ne manya.

Na fari shi ne ɗan tambarin da ake ɗaurawa a hannu kamar agogo, ko a maƙala a riga. Kowane ma'aikacin jirgi yana da nasa. Tambarin yana aika wata 'yar alama ta rediyo ko ta Bluetooth ba fasawa zuwa ga uwar na'ura da ke cikin jirgi, ko zuwa wayar hannu, kamar ɗan da ke ce wa uwarsa, ga ni nan, ga ni nan. Ruwa yana toshe irin wannan alama, nisa ma yana yanke ta. Saboda haka da zarar mutum ya faɗa ruwa, uwar na'ura takan daina jinsa, cikin 'yan daƙiƙu sai ƙararrawa ta tashi, ta kuma rubuta daidai wurin da abin ya faru ta hanyar GPS, watau taurarin ɗan'adam masu nuna wuri. Hikimar da ke ciki ita ce, shirun ne yake ta da ƙararrawa. Wanda ya faɗa ba ya bukatar taɓa kome, ko da ya suma ne. Waɗansu ma an haɗa su da inji domin su kashe shi nan take. Rauninsa kuwa shi ne, wurin faɗuwa kaɗai yake nunawa. In igiyar ruwa ta ja mutum gaba, tambarin ba zai faɗa ba.

Na biyu shi ne wanda ake kira fitilar AIS. Ita AIS hanya ce da jiragen ruwa suke sanar da juna sunansu da inda suke ta rediyo, domin kada su yi karo. An ƙera 'yar ƙaramar irinta, ba ta fi tocila girma ba, ana sa ta cikin rigar ceto mai hura kanta. In mutum ya faɗa ruwa rigar ta kumbura, sai ta fizge makunnin na'urar, 'yar eriya ta miƙe, ta shiga aika wurin da yake a kai a kai. Jirginsa da duk jirgin da ke kusa mai irin wannan rediyo za su ga alamarsa a allonsu, su bi ta har inda yake, ko da ruwa yana tafiya da shi. Sababbin irinta suna kuma buga wa rediyon jirgin kiran gaggawa domin masu barci su farka. Amma tun da eriyar tana dab da ruwa, saƙon ba ya wuce 'yan kilomitoci.

Na uku shi ne mai kira ta tauraron ɗan'adam. Wannan yana aika saƙo a kan mita 406 ta ma'aunin megahaz zuwa taurarin wani shiri mai suna Cospas-Sarsat, wanda ƙasashen Kanada, da Faransa, da Amurka, da tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka ƙulla a 1979, aka kuma fara ceton rai da shi a 1982. Taurarin suna miƙa saƙon ga tashoshin ƙasa, su kuma su sanar da hukumar ceto ta yankin. Nijeriya ma tana cikin wannan shiri. Batirinsa yakan yi aƙalla awa 24 yana kira, yana kuma aiki ko'ina a duniya. Sai dai da hannu ake kunna shi, kuma hukuma yake kira can nesa, ba jirgin da ke kusa ba. Kafin taimako ya iso, ana iya yin awoyi.

Na huɗu shi ne mafi arha duka, watau igiyar kashe inji. 'Yar igiya ce, galibi ja, mai lanƙwasa kamar ta tsohuwar tarho. Bakinta ɗaya yana maƙale a makunnin inji, ɗayan kuma a ƙafar matuƙi ko a rigarsa. In ya faɗa, igiyar ta fizge, inji ya mutu. Yawancin injunan da ake ɗaura wa kwale-kwale a bayansa suna zuwa da ita daga kamfani. Sau nawa muke ganin an naɗe ta a jikin injin an bar ta tana lilo? Kwale-kwalen da matuƙinsa ya faɗa inji yana aiki yakan yi ta zagaye, farfelarsa kuwa tana iya sare wanda ke cikin ruwa.

Manyan jiragen yawon shaƙatawa masu ɗaukar dubban fasinjoji su kuma suna da nasu. A 2010 Amurka ta yi doka da ta bukaci irin waɗannan jirage su sa na'urar ɗaukar hoto ko ta gane faɗuwar mutum, har waɗansu suka kafa kyamarori masu ganin zafin jiki a gefen jirgi.

Na'ura Ma Tana Da Iyaka

Labari biyu za su nuna mana amfanin waɗannan abubuwa da kuma iyakarsu. A ƙarshen watan Maris 2014, cikin wata gasar zagaya duniya da jiragen iska, raƙumin ruwa ya share wani mutumin Ingila ya jefa shi cikin tekun Fasifik ta arewa, inda ruwa yake da tsananin sanyi. Abokansa suka juyo suna nema, amma ya ɓace musu. Ashe fitilar AIS ɗinsa ba ta kama ba da fari. Da ya lura, ya sake kunna ta, sai alamarsa ta fito a allon jirgin, suka tarar ruwa ya kai shi nesa da inda suke dubawa. Bayan ya yi kimanin minti 100 a ruwa aka tsamo shi da rai.

Ran 26 ga Maris 2018 kuwa, cikin wata gasar dabam, wani matuƙi, shi ma ɗan Ingila, ya faɗa a tekun kudu, can yamma da ƙarshen Amurka ta Kudu. Ya kwance igiyar da ta ɗaure shi da jirgi na ɗan lokaci domin ya gyara wani abu, a daidai lokacin ne aka buge shi. Eriyar AIS ta jirginsu ta riga ta lalace kwanaki kafin nan, saboda haka ba su da kunnen jin kiransa. Suka yi awoyi suna nema cikin hadiri, ba su same shi ba har yau.

Darasin a fili yake. Na'ura tana bukatar batir mai rai, da gwaji a kai a kai, da mutumin da zai yarda ya sa ta a jikinsa. Wadda aka bari a aljihun jaka ba ta da bambanci da dutse. Irin ta fari kuma takan yi ƙarya wani lokaci, in mutum ya shiga wani lungu na jirgi alamar ta yanke. In hakan ya yi yawa, sai mutane su gaji su kashe ta, ranar da abin gaske zai zo kuwa ba ta aiki. Bugu da ƙari, ƙararrawa ba ta riƙe mutum a bisa ruwa, ba ta kuma ɗaga shi zuwa cikin jirgi. Shi ya sa matuƙan teku da kansu suke cewa dokar fari ita ce kada ka faɗa, ta biyu ka sa rigar ceto, na'ura ta zo ta uku.

To, Mu Fa?

Bari mu faɗi gaskiya, 'yan'uwa. Kuɗin fitilar AIS guda ɗaya ya fi abin da mai fito a ƙauye zai tara cikin watanni, ba kuma wani jirgi a Sabke ko Daberam mai allon da zai karɓi saƙonta. Har wa yau, masifar da ta fi samunmu ba ta mutum ɗaya da ya zame ba ce. Jirgi ne ɗungum yake kifewa saboda lodi ya yi yawa, ko katako ya ruɓe, ko an yi karo da kututturen itace cikin duhu. A watan Yuni 2023, a yankin Patigi na Jihar Kwara, mutum fiye da 100 suka mutu suna dawowa daga ɗaurin aure da tsakar dare. Ba ƙararrawar da za ta yi maganin lodi.

Duk da haka, in muka duba da kyau, aiki huɗu ne duk na'urorin nan suke yi: a sani da wuri, a riƙe wurin, mutum ya zauna a bisa ruwa, a kuma kira taimako. Kowane ɗaya daga cikinsu muna da hanyar yinsa da abin da ke hannunmu.

A kan sani da wuri, ƙararrawarmu ita ce ƙidaya. A hatsarin Warrah, rahotanni sun yi ta saɓa wa juna a kan yawan waɗanda ke cikin jirgin, gama ba rubutaccen lissafi. In ba a san nawa suka shiga ba, yaya za a san nawa suka ɓace, yaushe kuma za a daina nema? Littafin rubutu ɗaya da biro a mashigi sun isa. A rubuta suna da ƙauyen kowa, littafin ya zauna a tudu. In ƙungiya ce take tafiya, ko 'yan biki, ko 'yan makaranta, a haɗa mutane biyu biyu tun daga gaɓa, kowa ya san abokinsa, kowane ƙaramin yaro kuma a danƙa shi ga babba ɗaya da suna. Yaron da aka ce kowa yana duba shi, ba mai duba shi. A kuma sa wani ya zauna a baya kusa da matuƙi, aikinsa kawai ya sa ido a kan mutane.

A kan zama a bisa ruwa, ba abin da ya kai rigar ceto. Ta babba tana ɗaga nauyin da ya kai kilo 10 zuwa 15 a cikin ruwa, wannan kuwa ya isa, gama ruwa da kansa yana ɗauke yawancin nauyin jiki. Sai dai a ɗaure ta tamau, ta yaro kuma ta zama daidai jikinsa, in ba haka ba zai zame ta ƙasa ya bar ta tana yawo. A ɗaura wa kowace riga usur irin na alƙalin wasan ƙwallo, domin wanda ba shi da ƙarfin kira yana iya busawa, ƙararsa kuma tana zuwa nesa fiye da murya. Inda riguna ba su samu ba tukuna, jarkar lita 20 da ba kome a ciki, an rufe bakinta gam, tana ɗaga kusan kilo 20. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Masuntan Argungu a kan gora suke kwanciya su shiga ruwa tun kaka da kakanni. Amma a tuna, jarka sai an riƙe ta, wanda ya suma ko ƙaramin yaro ba zai iya ba. Taimakon gaggawa ce, ba ta maye gurbin riga.

A kan kiran taimako, kowane matuƙi ya sa wayarsa cikin leda mai kauri, ya ɗaure, ya rataya a wuya, da lambar sarkin ruwa, da ta mai gari, da ta wani mai kwale-kwale a ciki. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ake bugawa, amma a ƙauye maƙwabci ne zai riga kowa isowa. Tocila mai haske da igiya doguwa wadda aka ɗaura wa jarka kada su rabu da jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In Abin Ya Faru

Matuƙan teku suna da tsari da suke maimaitawa har ya zauna musu, ya kamata mu ma mu koye shi. Wanda ya fara gani ya ɗaga murya ya ce mutum ya faɗa ruwa, ya faɗi ta wane gefe. Sa'an nan ya miƙa hannu yana nuna shi, kada ya ɗauke idonsa ko da ƙiftawa, kada kuma a ba shi wani aiki. Nan take a jefa jarka ko duk abin da ke tasowa a bisa ruwa. Ko bai kai ga mutumin ba, zai nuna wurin. Sauran fasinjoji su zauna inda suke. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, gama in kowa ya ruga gefe ɗaya domin ya gani, jirgin zai kife, hasarar mutum ɗaya ta zama ta talatin.

Matuƙi ya rage gudu, ya juyo a hankali, ya tunkari mutumin yana fuskantar iska ko igiyar ruwa domin jirgi ya tsaya masa, ya kuma kashe inji kafin su haɗu. A miƙa masa gwangwala ko igiya. Kada wanda bai koyi ceto ba ya yi tsalle ya bi shi, domin mai nutsewa yakan ƙanƙame duk abin da ya samu, sau da yawa gawa biyu ake tsamowa. A ƙaramin kwale-kwale, gara a jawo shi ta baya ko ta goshi, ko ya riƙe gefe a ja shi zuwa gaɓa.

In an fito da shi, a bar al'adar nan ta juya mutum kai ƙasa ko danna masa ciki wai domin ruwa ya fita. Lokaci kawai take ci, tana kuma iya sa amai ya shiga huhu. In yana numfashi, a kwantar da shi a kan gefensa, a tuɓe masa jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi, musamman lokacin hunturu. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska ta baki, gama iska ce ya rasa. Sa'an nan a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya ta da ciwo bayan awoyi.

Nauyin Yana Kan Wa?

Akwai Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wadda aka kafa a 1997, da hedkwatarta a Lakwaja. Ƙa'idodinta sun hana lodi fiye da kima da tafiyar dare, sun kuma wajabta sa rigar ceto. Amma jami'inta ba zai tsaya a kowane mashigi na kowace madatsa ba. Wanda ke nan kullum shi ne sarkin ruwa, da mai unguwa, da iyayen yara. In sarakunan gargajiya suka sa a shafa fenti a gefen kowane kwale-kwale, aka ce in ruwa ya taɓa wannan layi ba a tashi, maganarsu za ta fi takarda aiki. Ƙungiyoyin mata, da na matasa, da na 'yan kasuwa suna iya yin karo-karo su sayi riguna goma ko ashirin su ajiye a mashigi, a hannun amintacce. Masunta kuma su koya wa yara iyo a wuri marar zurfi, manya suna tsaye.

Ga kuma wata dama. A watan Disamba 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a nan Daura, muna kuma da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Sufuri bai tsaya ga jirgin ƙasa da mota ba. Dabarar tambarin nan mai ta da ƙararrawa in alama ta yanke ba ta fi ƙarfin ɗalibanmu ba, kayan haɗinta kuwa irin waɗanda ke cikin wayoyin hannu ne. Da wani ɗalibi zai ƙera mai arha wadda za a ɗaura wa yara a hannu a mashigi, a karɓe in sun haye, da ya yi wa ƙasarsa aikin da ba za a manta ba.

Amma kafin wannan rana ta zo, abin da ya rage yana hannunka, ya mai karatu. In ka iso bakin ruwa ka ga jirgi ya cika, ka jira sahu na biyu, ko da 'yan biki za su yi maka dariya. In rana ta faɗi, ka kwana a nan. In ɗanka ya roƙe ka kuɗin hawan kwale-kwale ranar biki, ka tambaye shi wa zai tuƙa, su nawa ne, wane babba ne kuma zai riƙe hannunsa. Iyayen Mai'Adua da na Bagwai sun sallami 'ya'yansu da sababbin tufafi, ba wanda ya san ban kwana ke nan. Allah ya ta'azantar da su, ya kuma kiyaye mu a tudu da ruwa.